Me Za Su Koya Miki a Shekara Uku Wanda Iya Ba Ta Sani Ba?

Wata yarinya ce daga cikin birnin Zariya ta aiko mini da tambaya. Bana ta gama sakandare, kuma karatun ungozoma take so. Kakarta ta wajen uba, wadda suke kira Iya, ungozomar gargajiya ce, ta haura shekara arba'in tana yankan cibi a unguwarsu. Da maganar ta je kunnenta sai ta ce: "Me za su koya miki a shekara uku wanda ni ban sani ba?" Shi kuma mahaifinta abu biyu ne suka tsaya masa a rai: kwanan asibiti, da abin da mutane ke faɗa cewa malaman ɗakin haihuwa ba su da tausayi. Tana son ta san hanyar shiga, da abin da ake koyarwa, da kuma ko da gaske aikin yana busar da zuciya.

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Da maganar Iya zan fara, don ita ce mai nauyi, kuma kada ki kuskura ki raina ta. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ki zauna ki tambaye ta yaushe ake aika mata. Za ta gaya miki cewa galibi sai ɗa ya faɗo. A al'adarmu mace ita kaɗai take durƙusawa a ɗakinta, wani lokaci ko kishiyarta ba ta sani ba sai an ji kukan jariri. Sannan a tura yaro ya kira ungozoma, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jaririn, ta gyara ɗaki, ta ɗora ruwan wanka, ta yi ta zarya har ranar suna. Wannan aiki ne babba, kuma Iya ta fi ni iya lallashin mai jego. Abin da ya sa ta daɗe tana yi lafiya shi ne yawancin haihuwa da kanta take zuwa, ko da ungozoma ko babu. Amma a cikin masu ciki 100, kusan 15 sukan gamu da matsalar da ke buƙatar hannun wanda ya koya. Shekara ukun nan saboda su ne. Ana koya miki ki hango matsalar tun tana nesa, tun matar tana hira tana dariya, ki kuma san abin da za ki yi cikin mintocin da suka rage kafin a samu likita, in ma akwai likitan.

A nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da suka tabbatar wa duniya da haka. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 1976 da 1979, lokacin asibitin yana Tudun Wada, tun kafin a koma Shika. An buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta gagara aka kwaso su, su ne suka fi mutuwa ninki-ba-ninki a kan waɗanda suka yi awo. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya. Bambancin kawai wata an gan ta da wuri, wata kuma an kawo ta bayan kwana uku a kan gwiwa.

Hanyar shiga ba ta da wani sirri. Kina buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Akwai karatun ungozoma kai tsaye daga sakandare, shekara uku. Akwai wanda sai kin zama nas tukuna, sannan ki ƙara wata 18. Akwai na ungozomar karkara, shekara biyu, wanda aka tsara don yarinya ta koma ta yi wa ƙaramar hukumarta aiki. Akwai kuma digirin aikin jinya na shekara biyar a jami'a, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello. Makarantu da yawa yanzu sun koma tsarin difloma ƙarama da babba, ta JAMB ake shiga, saboda haka ki je makarantar da kike so da ƙafarki ki tambayi tsarin da suke kai a bana. A kusa da ke akwai makarantun asibitin koyarwa na jami'a, akwai ta asibitin Mishan da ke Wusasa, sannan kwalejin jihar Kaduna tana da rassa a Kafanchan, da Tudun Wadan Kaduna, da Pambeguwa. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: kafin Baba ya biya ko sisi, ki tabbatar sunan makarantar yana cikin waɗanda Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da su. Ita ke ba ɗaliba lambar rajista, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Makarantar da ba ta san da zamanta ba, ko shekara goma kika yi a ciki, takardar ta naɗe ƙosai ce.

Watannin farko su ne masu zafi. Sassan jikin ɗan Adam, yadda suke aiki, ƙwayoyin cuta, lissafin magani, sai jarrabawar tankaɗe da rairaya. Waɗanda suka tsallake su ake ɗora wa hula. Daga nan sai ƙugun roba da 'yar tsana, ki yi ta tura kan 'yar tsanar nan ta cikin ƙugun kina faɗin yadda kan jariri ke sunkuyawa, ya juya, ya ɗago, har ki riƙa mafarkinsa. Sai ɗakin awo, inda za a ba ki tef ki auna tsayin ciki, ki shafa ki gano ina kai ina ɗuwawu, ki kafa ɗan ƙahon nan a cikin mace ki kasa kunne. Ranar farko babu abin da za ki ji sai ƙugin hanjinta. Wata rana kuma sai ki ji shi, tif-tif-tif, da sauri kamar agogon da aka rufe da filo. Bugun zuciyar ɗan tayi mai lafiya tsakanin 110 ne zuwa 160 a minti, kuma ke za ki ƙirga da agogon hannunki.

A ɗakin haihuwa akwai wata takarda da muke kira fatogiraf. Ɗalibai sun tsane ta, ni ma na tsane ta a lokacina. A kanta ake rubuta bugun zuciyar jariri duk rabin awa, da ƙarfin naƙuda, da buɗewar bakin mahaifa duk awa huɗu, har ya kai santimita 10. Idan ɗigon da kike yi ya fara karkata ya ƙetare layin gargaɗi, takardar tana gaya miki cewa wannan haihuwar ba ta tafiya, ki nemi mota tun rana ba ta faɗi ba. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari: kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu, uku, naman wurin ya mutu, ya huje. A gargajiya in haihuwa ta ƙi, wasu sai su ce gishiri ne, a kawo reza a yi yankan gishiri, a ƙara wa matar wata masifar a kan wadda take ciki. Da takardar nan da biro ake kauce wa duka biyun.

Amma in kika ce in zaɓi abu guda da ya raba ni da Iya, zubar jini zan ce.

Ina wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da bai kai tafiyar awa ɗaya daga Zariya ba, cikin damina, aka kawo wata mata haihuwarta ta bakwai. Ko zama ba ta yi ba ta haihu, namiji, mabiyiya ta biyo baya. Babu wuta, uwar mijinta ce ke riƙe da tocila, tana ta "barka da arziki", har ta fara lissafin wanda za a aika ya sayo itace. Ina goge jaririn sai na ji mai jegon ta yi hamma, ta sake yi, sannan ta ce, "Malama, a ba ni ruwa, ƙishi nake ji." Gabana ya faɗi. Na ɗora hannu a mararta. Mahaifar da ta haihu kamata ya yi ki ji ta dunƙule da tauri kamar ƙwallon goruba. Wannan kuwa laushi tuɓus, kamar ƙullin da bai sha gari ba. A gabanta ba wani jinin kirki. Da na ɗaga ta sai ga shi duk ya bi ta ƙarƙashin bayanta, zani biyu sun sha sun ƙoshi.

Daga nan hannu ne ke aiki, ba tunani. Na shiga murza mahaifar da ƙarfi, na ƙwala wa abokiyar aikina kira. Allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, robar fitsari don cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa, babbar allurar ƙarin ruwa a hannu tun jijiya ba ta ɓuya ba. Na sa aka haska mini mabiyiyar a faranti na duba ko wani yanki ya rage a ciki, na duba ko ƙari ta samu. Jinin bai tsaya ba, sai na sa dunƙulen hannu ɗaya ta ciki, ɗaya ta saman ciki, na matse mahaifar a tsakaninsu. A haka muka shiga motar wani direban tasha da aka taso daga barci, ina durƙushe a kanta, ƙannen mijin biyu a baya don su ba da jini. Kafin mu iso gari ban san ina da yatsu ba. Ta rayu. Uwar mijin har ta rasu ba ta daina cewa ai ba wani jini mai yawa ba ne, jinin biƙi ne, gara ya fita.

A nan matsalar take. Ido ba ya iya auna jini, ko idon wace ce. Ƙa'ida ita ce rabin lita, wato mililita 500, bayan haihuwa zubar jini ce da ke buƙatar magani, amma zani da katifa suna shanye shaida. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a gan shi da lamba, kuma da zarar ya kai sai a yi duk magungunan a tare maimakon a gwada ɗaya a jira. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa. Da ina da ita a daren nan, da ban jira hamma ba.

Za a koya miki ma cewa oksitosin ba ya son zafi, a firji yake zama. Wanda ya kwana a durowa cikin bazarar Zariya, wata da watanni, kina iya yin allurarsa ki ga kamar ruwa kika tsira. Shi ya sa ƙwayar misofurostol, wadda ita ma take tsuke mahaifa, take da amfani a ƙauye, ba ruwanta da firji. Kuma waɗannan magungunan guda biyu, in aka ba mace tun ɗa yana ciki ba bisa ƙa'ida ba, su ne ke fasa mahaifa. Duk mai kemis ɗin da ke bin gida yana yin "allurar naƙuda", ki ɗauke shi abokin gabarki.

Jijjiga kuwa, wadda wasu ke ce wa taune-taune, wasu su ce iska ce a kawo hayaƙi, hawan jinin ciki ne ya kai ƙarshe. Mai ciki ta ce miki kanta na sarawa, idonta na ganin walƙiya, zobe ya matse yatsa, fuska ta kumbura, ki ɗauko abin awon jini. Daga 140 bisa 90 an shiga gargaɗi, 160 bisa 110 kuwa gobara ce. Maganinta magniziyam salfet, kuma ungozoma ce ke yin allurar farko kafin ta tura ta gaba. Haka jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba: minti ɗaya kike da shi ki tsane masa jiki, ki goga bayansa, in bai numfasa ba ki kafa masa 'yar jakar hura iska. Ba a zazzage shi ta ƙafa, ba a watsa masa ruwan sanyi. Jarirai da yawa da aka naɗe aka ce sun zo babu rai, numfashi kawai suke jira a ara musu.

Sai jego, inda ke da Iya za ku fi samun saɓani. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta cewa kumburin jiki da ciwon zuciya bayan haihuwa sun yi yawa a wannan yanki, suka kuma danganta abin da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ni ba na ce wa tsohuwa a daina wanka, don na san ba za a daina ba, sai dai a daina gaya mini. Cewa nake, "Iya, a sirka ruwan, a rage kanwar, wannan da hawan jini ta haihu." Haka maganar dakashi, nonon farko da ake matsewa a zubar: shi ne rigakafin farko na jariri. Haka cibiya: man kulohekzidin mai kashe ƙwayoyin cuta za a shafa, ba toka ba, ba man goge baki ba, ba gashi da tsumma ba. Idan kika shiga gida kina ɗaga hanci, kin fita za a koma wa tsumman.

To, maganar rashin tausayi. Ba ƙarya mutane suke yi ba, kuma ba zan nuna wata da yatsa ba, kaina zan nuna. Shekarata ta biyu da fara aiki, ni kaɗai a ɗakin haihuwa da mata biyar, aka kawo wata yarinya 'yar kimanin sha shida, haihuwar fari. Kai ya taho, bugun zuciyar jaririn yana raguwa, ita kuma ta haɗe ƙafafu ta ƙi buɗewa. Na ɗaɗa mata duka a cinya, na ce, "Ni na yi miki cikin?" Ta buɗe, jaririya ta fito da rai, na tafi gida ina ganin na yi bajinta. Bayan shekara biyu da wani abu aka kawo ta ranga-ranga, kwana biyu tana naƙuda a gida, hannun jariri ya riga ya leƙo. Ko awo ba ta yi ba. Aka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba. Na tambayi mahaifiyarta me ya hana su zuwa da wuri. Ba ta gane ni ba. Ta ce, "Cewa ta yi gara ta mutu a ɗakinta da faɗan nas."

Gajiya gaskiya ce, ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, tsoron kada ɗa ya mutu a hannunki ma gaskiya ne. Amma yarinyar nan ba taurin kai ta yi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da zai faru, ga ta tsirara a gaban baƙi, ga kunyar ɗan fari. Tun daga ranar na canza. A wurin awo nake zaunar da mai cikin fari in bayyana mata komai, har yadda za a duba ta da dalilin dubawar. Kafin in taɓa mace sai na ce, "Zan duba ki, kin yarda?" In ja labule, in rufe ta da zaninta, in bar mahaifiyarta ko yayarta a kusa in wuri ya ba da hali. Ki kuma kiyayi mai shiru. Bahaushiya an hore ta kada ta yi raki a naƙuda, musamman ta fari, sai ki ga mai ihu ta janye hankalin kowa, wadda ta cije leɓe a lungu kuwa ita ce ke cikin haɗari. Wata dabara kuma da ba a littafi na koya ba: tun ciki na wata bakwai nake sa a kira mini maigidan, in roƙe shi ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya gari in naƙuda ta tashi a kawo ta. Na ga macen da ta kwana tana zubar da jini ana jiran miji ya dawo daga kasuwar Giwa.

Aikin ba ya busar da zuciya da kansa. Wadda ta bari gajiya ta zame mata hujja, ita ce tata ke bushewa, kuma za ki gan su, wasu ma su ne za su koya miki aiki. Ki ɗauki hannunsu, ki bar musu bakinsu.

Game da Baba, kada ki ɓoye masa komai. Akwai aikin dare, akwai ranar Sallah a asibiti, haihuwa ba ta san Juma'a ba. Albashin ba na yin arziki ba ne, kuma wataƙila a fara tura ki ƙauye. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi ƙananan asibitocin karkara saboda can ne babu kowa. Yawancinmu da aurenmu da 'ya'yanmu muka yi aikin, da taimakon miji mai fahimta da dangi. Sannan ki gaya masa, cikin ladabi, cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 43 kacal cikin 100 ne ƙwararre ke karɓa a Najeriya, kuma a nan Arewa maso Yamma abin bai kai haka ba. Maza da yawa a garin nan ba sa barin matansu su je asibiti don kada namiji ya duba su. In kowa ya hana 'yarsa karatun, wa zai duba su? Ni mahaifina da wannan tambayar aka shawo kansa, kuma wani malamin zaure ne ya yi masa ita, ba ɗan boko ba.

Kafin sakamakonku ya fito, ki roƙi Iya ta riƙa tafiya da ke in an kira ta. Ki riƙe mata buta, ki ga yadda take shiga gidan mutane, yadda take magana da uwar miji, yadda take ɗaukar jariri ɗan awa ɗaya. Ki lura ko cikinki na juyawa in kin ga jini, gara ki sani yanzu. Randa kika dawo hutun farko kuma, ki zo mata da sabuwar reza a cikin takardarta, da man cibiya, da lambar wayar ungozomar asibitin da ya fi kusa da ku. Ki gaishe mini da ita, ki ce 'yar'uwarta a sana'a tana yi mata sannu da aiki.